Yadda Ake Gane Jif Mai Turbo da Ke Shan Baƙin Mai Kafin Ka Biya Kuɗi

Idan direba ya ce motarsa tana shan mai, yawanci fetur yake nufi. Amma akwai wani shan da ya fi wannan ciwo, wato shan baƙin mai. Fetur kana kallon allura tana sauka, ka san inda aka kwana. Baƙin mai kuwa a ɓoye yake tafiya. Ba ɗigo a ƙasa, wani lokaci ko hayaƙi ba ka gani, sai ran da jar fitilar nan mai siffar buta ta kama kana tsakiyar tafiya. Kuma idan ita ce ta kama, ba gargaɗi take yi ba, labarin abin da ya riga ya faru take ba ka: ƙarfin da ke tura mai cikin inji ya faɗi.

A injin da ke da turbo, lamarin ya fi tsanani. Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana danna iska cikin silinda da ƙarfi, shi ya sa ƙaramin inji mai lita 1.5 ko 2.0 yake iya jan ƙatuwar jif ba tare da nishi ba. Sandar nan tana juyi fiye da sau 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta a injin fetur yana iya kaiwa digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, kuma abin da ya raba ta da gogar ƙarfe shi ne siririn shimfiɗar baƙin mai. Man da ke shafe fistin shi ne dai ke shafe turbo, shi ke kuma sanyaya ta. In ya yi ƙasa ko ya tsufa, turbo ce ke fara ji a jikinta.

Matsalar mai saye ita ce, shan baƙin mai ba a ganinsa a duba ɗaya. Wanda ya cika inji da sabon mai da safe, motarsa za ta yi maka kyau da rana. Saboda haka aikinka shi ne tattara shaidu ƙanana, ɗaya bayan ɗaya, har su haɗu su faɗi gaskiya.

Mataki na farko: san injin kafin ka ga motar

Nemi lambar VIN, wato lambar shaidar mota da kamfani ya buga a jikinta, mai haruffa da lambobi 17, ka gano ainihin shekarar ƙira da samfurin injin. Sunan mota kaɗai bai isa ba, domin kamfani kan canja inji ko ya gyara kuskure a tsakiyar zubi ɗaya.

Wasu injuna tarihinsu sananne ne. Injin 2.0 TFSI na dangin EA888 da aka sa a Audi A4, A5 da Q5 tsakanin 2009 da 2011 ya yi suna wajen shan baƙin mai, saboda zoben fistin mai share mai bai yi aikinsa yadda ya kamata ba. A Amurka masu motocin sun kai ƙara ta haɗin gwiwa har aka sasanta, kuma maganin ƙarshe ga waɗanda abin ya yi wa yawa shi ne sauya fistin da zobba. In irin wannan motar kake so, tambayarka ɗaya ce: an yi wannan aikin, kuma ina takardarsa? Honda CR-V mai injin 1.5 turbo ta 2017 da 2018 kuwa nata ciwon ta baya ya ɓullo. Maimakon mai ya ragu, ƙaruwa yake yi, saboda fetur yana tsiyaya yana gauraya da shi, musamman a wuraren sanyi da gajerun tafiye-tafiye. A 2018 an yi kiranyen motocin a China a kan haka. Ba wai in kushe waɗannan motoci na ambace su ba, da yawansu suna nan suna aiki lafiya. Abin nufi shi ne, kowane inji da inda ake fara duba shi.

Ka kuma buɗe littafin motar ka ga abin da kamfanin ya kira shan da ba laifi. Za ka yi mamaki. Littattafan wasu motocin Volkswagen da Audi sun ce yana iya kaiwa rabin lita a kowace kilomita 1,000. General Motors ta daɗe tana amfani da ma'aunin kwat ɗaya, wato ƙasa kaɗan da lita guda, a mil 2,000, kimanin kilomita 3,200. Yi lissafi da na farkon: rabin lita a kilomita 1,000 ya zama lita biyar a kilomita 10,000, kusan duk abin da cikin injin mai silinda huɗu ke ɗauka. Wannan adadi iyaka ce da kamfani ya sa don ya san inda garanti zai fara aiki. Ni dai a wurina, injin da ke shan haka ba lafiyayye ba ne, ko me littafi ya ce.

Mataki na biyu: takardun juye

Nemi rasit-rasit ko littafin sabis. Abu biyu kake nema: tazarar da ke tsakanin juye da juye, da irin man da aka riƙa zubawa. Injin turbo mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana buƙatar man roba, wato wanda ake kira synthetic, mai ma'aunin da kamfani ya rubuta, irin su API SP da ya fito a 2020, ko SN Plus na 2018, ko VW 502 00, ko MB 229.5, gwargwadon motar. Waɗannan ma'aunai na API biyu an tsara su ne har da magance wata matsala ta ƙananan injunan turbo, inda wuta ke tashi cikin silinda kafin fulogi ya kunna, abin da kan iya fasa fistin. In ka ga an yi kilomita 20,000 ba juye, ko kuma an riƙa zuba duk man da ya samu, to ka ɗauka zobba sun ga wahala.

Ka leƙa but ma. Galan ɗin baƙin mai da aka sha rabi, da mazurari a gefensa mai danshi, shaida ce da ta fi bakin mai mota gaskiya.

Mataki na uku: tayar da inji yana sanyi

A nan ake kama yawancin ƙarya, don haka kada ka yi sassauci. Ka gaya wa mai motar tun da wuri cewa kana so ka same ta ba a tayar da ita ba tun daren jiya. In ka iso, kafin gaisuwa ta yi nisa, ɗora tafin hannunka a kan bonet, sannan ka buɗe ka taɓa babban tiyon lagireto a hankali. Na taɓa zuwa duba wata jif da sassafe, mai ita yana ta rantsuwa ba a taɓa makulli ba, amma tiyon da ɗumi kamar an sa shi a rana. Na ce zan dawo gobe. Da na dawo ba tare da na sanar da lokaci ba, shuɗin hayaƙin da ta tofar a tashin farko ya ishe ni amsa.

Murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, kada ka tayar tukuna. Fitilar mai da fitilar inji dole su kama, sannan su mutu bayan inji ya tashi, ta mai cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila wani ne ya rufe mata baki.

Yanzu sa wani ya tayar, kai kuma ka tsaya a baya, idonka a kan salansa. Farin tururi mara nauyi da ke watsewa nan take a safiyar sanyi ba komai ba ne, ruwa ne da ya taru a bututu. Fari mai kauri da ya ƙi tsayawa bayan inji ya ɗau zafi, mai ɗan ƙanshi-ƙanshi, ruwan lagireto ne ke shiga silinda. Baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. Wanda kake farauta shi ne shuɗi-shuɗi mai ruwan toka, da warin ƙonannen mai da ke maƙalewa a hanci. In ya fito a tashin farko na ɗan lokaci ya ɗauke, galibi robobin wuyan bawul ne suka bushe, mai ya tsiyaya cikin dare ya kwanta a kan fistin.

Kada rashin hayaƙi ya kwantar maka da hankali. Katalis, wato matatar hayaƙi da ke cikin bututun salansa, yana ƙone mai kafin ya fito, kuma inji na iya shan lita guda a kilomita 1,500 ba ka ga komai ba. Shi ya sa kafin a tayar ɗin, ka sa yatsa a bakin salansa tana sanyi. Busasshen baƙin gari ba abin damuwa ba ne, injuna masu fesa fetur kai tsaye duk suna yinsa. Baƙi mai maiƙo da ke naɗe wa yatsa, shi ne abin tambaya. Dubi kuma bambar baya, ko akwai ɗigo-ɗigon maiƙo a saman salansa.

Mataki na huɗu: geji da murfin mai

A fili mai daidaito, zaro gejin mai, goge, mayar, sake zarowa. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a yawancin motoci kimanin lita ɗaya ne. In ka same shi ƙasa da alamar ƙasa a motar da aka kawo kasuwa, ka san irin riƙon da ta sha. In ya haura alamar sama, sunsuna shi: warin fetur da ruwa-ruwa yana nufin gauraye ne. Murza shi tsakanin yatsu biyu. Man da motocin zamani ke amfani da shi, irin 0W-20 ko 5W-30, ba shi da kauri sosai. In ka ji yana yauƙi yana jan zare, wataƙila an zuba mai nauyi ko sinadarin hana hayaƙi don a rufa wa inji asiri na kwana biyu. Sabon mai fes a motar da ba ta da takardar juye ma abin lura ne. Ba laifi ba ne, amma ya goge maka shaida.

Wasu motocin BMW da Audi ba su da geji kwata-kwata, a allon dashbod ake karantawa bayan inji ya yi zafi. Nemi a nuna maka.

Buɗe murfin da ake zuba mai, haska fitila ciki. Ƙarfe mai tsabta ko mai ɗan launin zinariya alama ce mai kyau. Baƙin dagwalo mai kama da kwalta shaidar jinkirin juye ne. Farin abu kamar man shafawa a ƙarƙashin murfi kuwa, ko dai tururin gajerun tafiye-tafiye ne, ko ruwa ne ke haɗuwa da mai, sai ka duba tulun ruwan lagireto ka tabbatar.

Inji yana sulo, sassauta murfin. Ɗan zuƙo mara ƙarfi daidai ne. In murfin ya manne sai ka yi kokawa da shi, ga kuma wani fito-fito daga saman inji, to robar bawul ɗin PCV ta yage. Wannan bawul shi ne ke fitar da iskar da ke taruwa a cikin inji ya mayar da ita a ƙone, kuma in ya lalace yana zuƙar mai ya kai silinda. Labari ne mai daɗi a cikin marasa daɗi, domin gyaransa ba ya bukatar sauke inji. Amma in murfin yana rawa, hayaƙi yana bugowa daga ramin puf-puf kamar bakin salansa, to wuta ce ke wucewa ta gefen zobba. Wannan kam babba ne.

Mataki na biyar: yoyo da bututun turbo

Mai yana ɓacewa ta hanya biyu ne kawai, ko ya zube ko ya ƙone. Leƙa gefen murfin saman inji, mazaunin filtar mai, kaskon ƙasa, da mahaɗar inji da giya. Yawancin jif suna da faranti a ƙasa da ke tare ɗigo, don haka tsabtar inda aka ajiye mota ba hujja ba ce. A ɗaga ta a cire farantin. Injin da aka wanke yana ƙyalli kamar sabo, sake duba shi bayan gwajin hanya.

Sa bakanike ya kwance tiyon da ke tsakanin turbo da intakula, wato ƙaramin lagireton da ke sanyaya iska. Ɗan maiƙo a bangon tiyo al'ada ce, kusan kowace mota mai turbo tana da shi. Man da ya taru har yana zubowa, shi ne matsala. In hannu yana isa, inji a kashe kuma a sanyi, ya kama sandar farfelar ya motsa ta. Ɗan motsi gefe da gefe ana samunsa, amma kada ta yi gaba da baya, kada kuma farfela ta taɓa bango ko a ga bakinta ya gutsure.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Abin da ke tare mai a cikin turbo ba roba ba ce, ƙananan zobban ƙarfe ne da ke dogara da daidaiton matsin iska. In bututun da ke mayar da mai ƙasa ya toshe, ko iska ta yi yawa a cikin inji saboda PCV ko zobba, ko filtar iska ta cushe, lafiyayyar turbo ma sai ta zubar da mai. Don haka in mai mota ya ce maka "turbo ce kawai, sai a canja", tambaye shi me ya kashe ta. Canja turbo ba a gano sanadi ba, kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Mataki na shida: gwajin hanya

Zagayen minti biyar ba gwaji ba ne. Kana buƙatar aƙalla rabin awa, inji ya yi zafi sosai, da wani abokinka yana biye da kai a wata mota, domin ta madubi ba ka ganin siririn hayaƙi. Taka totur da ƙarfi daga ƙaramin gudu har turbo ta buɗe: shuɗin hayaƙi a nan yana nuna zobba ko turbo. Samu gangara, sa ƙaramar giya, ɗage ƙafa gaba ɗaya har ka sauka, sannan ka taka. Tofin hayaƙi a wannan lokacin yana nufin inji ya zuƙo mai ta wuyan bawul ko ta zobba. Bayan ka dawo, bar ta tana sulo minti goma, sannan a ɗan taka. Kasa kunne kuma: siririn fito daga turbo ba laifi, amma kuka irin na jiniya mai hawa da sauka tare da totur alamar ta kusa mutuwa ce. Kashe rediyo. In mai mota ya ƙara murya ko ya ɓarke da hira daidai lokacin da kake saurare, ƙara kasa kunne.

Mataki na bakwai: na'urar OBD

OBD na'ura ce da ke karanto lambobin laifuffukan da kwamfutar mota ta ajiye. Jona ta a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. P0299 na nufin turbo ba ta ba da iska yadda ya kamata. P0420 na cewa katalis ya gaji, kuma ƙonannen mai na cikin abubuwan da ke kashe shi. P0300 zuwa P0304 kuskuren tashin wuta ne a silinda. In ba lamba ko ɗaya, duba sashen gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta. In da yawansu suna nuna ba a kammala ba, kwanan nan aka goge laifuffuka ko aka cire batir.

Mataki na takwas: aikin bakanike

In motar ta tsallake duk waɗannan kuma har yanzu tana ranka, biya bakanike naka, ba na mai mota ba, ya yi abu huɗu.

Ya cire fulogai ya jera su bisa tsarin silinda. Launin ƙasa-ƙasa busasshe daidai ne. Jiƙaƙƙen baƙi, ko farar toka mai kauri da ta daskare a kai, mai ne ke ƙonewa, kuma ka san a wace silinda. Ya auna matsin kowace silinda inji yana da ɗumi. Bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi 10 cikin 100. In wata ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan mai a sake aunawa, in ta ɗaga, zobba ne. Sai gwajin hura iska cikin silinda don a ji ta inda take tserewa: ta ramin zuba mai zobba ne, ta salansa ko ta mashigar iska bawul ne, kumfa a lagireto gaskit ne. Asarar da ba ta kai kashi 10 ba lafiya ce, wadda ta haura 20 abin tsoro. Na ƙarshe, ya zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi ya ga ko bangon silinda ya karce, ko gefen kan fistin ya yi wankakke fes alhali tsakiya baƙi ne, alamar mai na hawowa ta gefe.

A kula da wannan sosai: fistin yana da zobba uku, biyun sama suna riƙe matsi, na ukun yana share mai. Na ukun na iya maƙalewa da gawayi alhali biyun suna lafiya. Wato inji na iya cin gwajin matsi da maki mai kyau kuma yana shan mai kamar ruwa. Shi ya sa fulogi da kyamara suke da muhimmanci.

In jif ɗin ta dizal ce, ƙara tsanantawa a kan man da ke cikin intakula. Injin dizal na iya ƙona baƙin mai a matsayin makamashi, kuma in turbo ta ɓalle ta kwarara masa, yana iya tashi da gudu ya ƙi mutuwa ko an zare makulli.

Mataki na tara: saye ko bari

Yanzu ka raba cututtukan. Yoyon gaskit ɗin murfin sama, bawul ɗin PCV, mazaunin filta: waɗannan a cire kuɗin gyaransu daga farashi a ci gaba da ciniki. Robobin bawul da turbo matsakaita ne, sai bakanike ya ba ka kiyasi a rubuce kafin ka yanke shawara. Zobba da karcewar silinda kuwa sauke inji ne, kuma shawarata ka juya ka tafi, sai dai in ragin da aka yi maka ya isa sake gina injin gaba ɗaya har da canji. Wanda ya hana ka tayar da mota a sanyi, ko ya ƙi a kai ta wurin bakanike, so yake ku yi cinikin biri a sama. In dillali ne mai ba da garanti, sa a rubuta adadin shan mai da ya wuce ƙa'ida a cikin yarjejeniya, da lita da kilomita, ba da baki ba.

Mataki na goma: kilomita dubun farko

Ainihin awo sai mota ta zo hannunka, don haka fara a ranar farko, tun kana da damar komawa. Yi juye da man da littafi ya rubuta da sabuwar filta, a cika daidai alamar sama, kada a wuce. Ɗauki hoton geji da na lambar kilomita. Duk bayan kilomita 500, ajiye motar a wuri ɗaya mai daidaito, jira minti goma bayan kashe inji, ka auna ka rubuta. In za ka ƙara, auna abin da ka zuba da kwalba mai ma'auni, ba da ido ba. A wannan tsakanin kada ka matsa wa inji yana sanyi, kuma bayan doguwar tafiya ko hawan tudu ka bar shi ya yi sulo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don kada mai ya ƙone ya daskare a bututun turbo.

In ka cika kilomita 1,000 geji bai sauka fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar alamomin biyu ba, ci gaba da aunawa sau ɗaya a mako biyu. In ya kai rabi ko ya wuce, kwashi hotunanka da rubutunka ka koma wurin wanda ya sayar maka kafin kwanakin garantin su ƙare.